Aikin Babbar Riga Shi Ma Adabi Ne

Duk ɗalibin da ya ratsa Ƙofar Dundaye zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ranar Juma'a, zai ga manyan riguna iri-iri a jikin masallata. Amma da wuya a sami ɗaya cikin goma da zai iya faɗin sunan aikin da ke ƙirjin rigarsa, balle ma'anarsa. Wannan kuwa asara ce, domin aikin riga rubutu ne da kakanni suka bari.

Tun zamanin Daular Sakkwato, wadda Muhammadu Bello ya kafa wa birni a 1809, riga kyauta ce ta girma da sarki ke yi wa wanda ya naɗa. Sau da yawa malami ne ke zana aikin da alƙalami da tawada, sa'an nan almajirai su bi zanen da zaren tsamiya ko alharini. Saboda haka ne siffofin allo suka shiga tufa. Alal misali, gidan biyar ɗan'uwan hatimi ne, tambari yana nuni ga ƙasaitar sarauta, aska biyu da aska takwas kuwa mutanen dā sun ɗauke su kariya daga sammu da kambun baka.

A yau keken aiki yana kammala riga cikin 'yan kwanaki, alhali aikin hannu yakan ci watanni. Ba laifin keke ba ne, domin shi ya sauƙaƙa wa talaka sutura. Matsalar ita ce keke siffa kawai yake kwaikwaya, sunan da labarin kuwa suna bin tsofaffin maɗinka zuwa kabari.

Wasu za su ce ai camfi ne, gara a bar shi ya mutu. Amsa ita ce, ana nazarin tatsuniya a Sashen Hausa ba tare da an gaskata Gizo da Ƙoƙi ba. Sanin abin da kakanni suka yi imani da shi ilimi ne, ba komawa gare shi ba ne.

Don haka ya kamata Sashen ya tura ɗalibai wurin dattawan maɗinka, su rubuta sunan kowane zane da tarihinsa kamar yadda ake tattara kirari da karin magana. Tun ran gini ran zane.