Ƙaurace wa Ciniki: Wa Ke Ɗaukar Nauyin?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya 'yan'uwa, tun da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi ɗaya a Janairun 2014, ake ta jin kira daga Turai da Amurka cewa a ƙaurace wa ƙasashe masu irin wannan doka. Hukuncin Shari'a kan aikin sananne ne. Abin dubawa a yau shi ne: ko ƙauracewar adalci ce?

Lalle mai kuɗi yana da ikon zaɓen inda zai kashe kuɗinsa. A 2019 aka ƙaurace wa otal-otal na Sarkin Burunai saboda dokar jefewa, har ya ba da sanarwar ba za a zartar da kisa ba. Mu ma mun ƙaurace wa kayan Denmak a 2006. Wanda ya halatta wa kansa makami, ba ya kiransa zalunci don ya gan shi a hannun wani.

Amma toshe wa jama'a baki ɗaya hanyar abinci da magani wani abu ne dabam. A 2014 Bankin Duniya ya dakatar da rancen dala miliyan 90 na kiwon lafiya ga Uganda. Shin ɗan majalisa ne ke kwana a asibitin gwamnati? Da a nan aka yi, ai mai tireda a Unguwar Shanu da ƙaramin akawu ne za su ji a jikinsu. Har ƙungiyoyin Afirka masu kare waɗannan mutane sun yi kashedi a 2011 cewa yanke taimako zai jawo wa mutanensu ƙarin tsana.

Tarihinmu ya isa ishara. Ƙuraishawa sun ƙaurace wa Banu Hashim kusan shekara 3, yara suna kukan yunwa. Amma da Sumama ɗan Usal ya musulunta, ya tare alkamar Yamama daga Makka, sai Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya saki hatsin, alhali mutanen Makka abokan gāba ne a lokacin.

Ma'aunin ke nan: ba a kama wani da laifin wani. Shi ne kuma ya hana mu ɗaukar doka a hannu, a far wa mutum bisa zargi. Allah ya sa mu dace. Wassalamu.