Lambar Abuja a Gidan Goga: Sunan Wa Ke Kan Takardar Motarka?

Da yawa daga cikin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, har zuwa Gidan Goga, ba lambar Zamfara suke ɗauke da ita ba. Akwai masu lambar Sakkwato, akwai masu ta Kano da Kaduna, akwai kuma masu ABJ ko RSH na babban birnin tarayya, ko KJA ta Legas, alhali masu su ba su taɓa kwana a Ikeja ba. Babura kuwa, da yawansu babu lambar ma baki ɗaya. Abin ya zama jiki, har ba mai ɗaga kai ya duba.

Tambayar da mutane suka saba yi ita ce, shin laifi ne mazaunin Zamfara ya hau mota mai lambar wata jiha? Amsar a taƙaice ita ce a'a. Sai dai wannan amsa ta sa mutane da yawa sun saki jiki, sun manta da tambayar da ta fi ta nauyi: sunan wa da adireshin wa ke rubuce a bayan wannan lamba? A ganina nan haɗarin yake, kuma ya fi tsanani ga mutanen da ke zaune a bakin iyaka, a yankin da matsalar tsaro ta mai da kowane abin hawa abin tuhuma.

Yadda aka zo nan

Kafin ranar 1 ga Oktoba 1996, duk wannan yanki cikin Jihar Sakkwato yake. An yanke Zamfara a takarda, amma ba a yanke zumunci da ciniki ba. Talata Mafara tana kusan tsakiyar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, mutumin Bakura kuwa da ya wuce kaɗan ya shiga Tureta. Manomin da ke noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Bakalori yana iya kai shinkafarsa ko albasarsa kowace jiha daga cikin biyun. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum ya sayi mota a Sakkwato, a yi mata takardu a can.

Dalili na biyu shi ne yawancin motocin da ke shigowa karkara na hannu ne. Wani ma'aikaci ya hau ta shekara biyar a Abuja, dillali ya kawo ta Kano, wani ya saya ya kawo Gusau, daga nan ta gangaro ƙauye da lambarta ta asali. Dalili na uku kuma na zuci ne. Akwai masu ganin lambar Abuja kwarjini gare ta, tana sa jami'i ya sassauta a shingen bincike, tana kuma ƙara wa mota daraja ranar sayarwa. Har kuɗi ake ƙara wa ɗan kamasho don ya samo ta. Da yawa ba su ma san haruffan ABJ suna nufin Abaji ba ne, RSH kuma Karshi, kamar yadda GUS ke nufin Gusau.

Abin da doka ta ce

Tsarin lambar mota a Nijeriya na ƙasa ne baki ɗaya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke riƙe da rumbun bayanan ababen hawa, jihohi kuma su ke yin rajista su karɓi kuɗin ta hannun hukumominsu na tattara kuɗin shiga. Lambar da aka bayar bisa ƙa'ida a Sakkwato tana aiki a Maradun kamar yadda take aiki a Fatakwal. Sashe na 41 na kundin tsarin mulki kuma ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga da zama a inda ya so.

Ba ko'ina haka abin yake ba. A Amurka, wanda ya koma Kalifoniya da zama kwana 20 yake da su ya sake wa motarsa rajista, a jihar Niyok kuma kwana 30. Attajirai a can sukan buɗe kamfanin jeka-na-yi-ka a jihar Montana, wadda ba ta karɓar harajin saye, su yi wa motocin alfarma rajista da sunansa, jihohinsu na asali kuma suna bin su da tara. A Indiya, dokar ababen hawa ta 1988 ta wajabta sake rajista idan mota ta wuce wata 12 a wata jiha, har sai da aka fito da lambar BH a 2021 domin sauƙaƙa wa ma'aikatan da ake yawan canza wa wurin aiki. Mu a nan ba mu da wannan takura. Amma abin da waɗancan ƙasashe ke nema da namu duk ɗaya ne: hukuma ta san wane ne mai mota, da inda za ta same shi.

Dokokin hanya na ƙasa na 2012 sun buƙaci a sanar da hukuma duk lokacin da mota ta canza hannu. Tun bayan sabon tsarin lamba na 2011, FRSC ta sha gargaɗin cewa lamba tana ɗaure ne da sunan mai ita, don haka kada mai sayarwa ya bar ta a jikin motar da ya rabu da ita ba tare da an canza mallaka ba. Wannan mataki shi ne wanda aka fi tsallakewa a cinikin karkara. A yi musafaha, a ƙirga kuɗi, a miƙa makulli da ambulan ɗin tsofaffin takardu, shi ke nan.

Inda ƙafa ke zamewa

Abu na farko shi ne shaidar mallaka. Idan takardun motarka suna ɗauke da sunan wani mutum a Gwagwalada wanda ba ka taɓa gani ba, to a idon hukuma motar tasa ce. Ranar da aka sace ta, ko aka tsare ta, kai ne za ka fara neman hanyar tabbatar da cewa taka ce. In kuwa aka yi rashin sa'a tun asali ta sata ce, karɓar kayan sata laifi ne a dokar Final Kod da kuma dokar shari'ar Musulunci da Zamfara ta fara aiki da ita a 2000. Mai yiwuwa daga ƙarshe kotu ta yarda ba ka sani ba, amma kafin nan ka kwana a hannu, mota ta tafi, dillali kuma ya kashe waya.

Mai sayarwa ma bai tsira ba. Motar da ka sayar shekara uku da suka wuce, in aka yi ɓarna da ita ko ta kaɗe mutum direba ya gudu, sunan da zai fito a kwamfuta naka ne, ƙofarka kuma za a fara ƙwanƙwasawa.

Na biyu shi ne adireshin ƙarya. Ɗan kamashon da zai samo maka lambar Abuja kana zaune a Gidan Goga dole ya cike takarda, kuma sau da yawa wani gida yake ƙirƙira a unguwar da ba ka sani ba. Ba da bayanin ƙarya a takardar hukuma laifi ne, kuma sunanka ne a kai, ba nasa ba. Mafi muni shi ne idan lambar kanta jabu ce, an buga ta a wata rumfa, ba ta cikin rumbun bayanai, ko kuma kwafi ce ta lambar wata mota da ke yawo a wani gari.

Na uku shi ne kuɗin fito. Tun daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, amma kowa a wannan shiyya ya san 'yan Kwatano ba su daina ɓullowa ta ɓarauniyar hanya daga Nijar ba, ta wajen Illela da Jibiya. Irin waɗannan motoci sukan samu lambar wata jiha mai nisa, don a ɓatar da sawu. Lamba ba ta wanke mota a wurin kwastam. Idan ba a biya kuɗin fito ba, ko takardar biyan ta jabu ce, za a iya kama motar ko da ta wuce ta hannun mutum biyar, kuma na ƙarshe shi ke asara. Haka ma mota mai lambar Nijar, izinin shigowarta na ɗan lokaci ne, da ya ƙare ta zama abin kamawa.

Na huɗu shi ne inshora da launin lamba. Daga Janairun 2023 kuɗin inshorar da doka ta wajabta wa motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar ɓarnar dukiyar wani kuma ta kai har naira miliyan 3. Na babur naira 3,000 ne. Rundunar 'yan sanda ta ƙaddamar da tilasta bin wannan doka daga 1 ga Fabrairu 2025. Amma takardar inshorar da ɗan kamasho ya haɗa da sunan tsohon mai mota, ko wadda babu ita a rajistar kamfanonin inshora, ba za ta biya kowa ko sisi ba ranar haɗari. Sannan lamba mai shuɗin rubutu ta motar gida ce, ta haya ja ce. Motar da ta baro Abuja da shuɗin rubutu ta koma lodin fasinja a tasha ta riga ta saɓa ƙa'ida.

Akwai na biyar wanda ba a cika tunawa da shi ba, wato gado. Magidanci ya rasu ya bar mota da sunan wani baƙo, ko da sunan ƙanensa da ke aiki a Sakkwato wanda ya taimaka ya yi takardun. Ranar rabo, marayu ba su da abin nunawa sai maganar baki. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki. Al'ummar da ta san wannan bai kamata rubuta cinikin mota ya zame mata baƙon abu ba.

Batun babur

A Gidan Goga da ƙauyukan da ke kewaye da ita, babur shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa. Shi ne kuma abin hawan 'yan bindigar da suka addabi yankin. A 2019 rundunar soja ta hana hawa babura a dazuzzukan wasu jihohin arewa, ciki har da Zamfara da Sakkwato. A Satumbar 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya. An sha taƙaita zirga-zirgar babura da dare tun daga lokacin. A irin wannan yanayi, sojan da aka turo daga wata jiha, wanda bai san ɗan gari ba bai san baƙo ba, da me zai bambanta manomi da ɓarawon daji idan su biyun suna kan babur marar lamba? Takarda mai sunanka da sunan garinku ita ce mai shaidar da ke tafiya tare da kai. Ba ta hana zalunci ba, amma tana rage ƙofofinsa.

Uzurin talaka da nauyin gwamnati

Mai karatu zai iya cewa, sauƙin faɗa gare shi. Mutumin da ke tunanin yadda zai kai gona ya dawo da rai, wanda wataƙila ya sayar da dabbobinsa ya biya kuɗin fansa, shi za a ce ya hau hanya mai haɗari ya je ya bi layi a ofis? Wannan uzuri gaskiya ne, kuma shi ya sa ɗan kamasho ke cin kasuwarsa. Mutane ba sa gudun doka don son rai kawai. Suna gudun nisa, da rashin sanin ainihin farashi, da yawan je-ka-ka-dawo.

Saboda haka rabin nauyin yana wuyan gwamnatin jiha. Duk motar da ke cin titin Zamfara tana sabunta takardu a wata jiha, kuɗin shiga ne ya tsallake iyaka, a jihar da ta daɗe tana dogara da kason tarayya. Waɗannan ƙananan hukumomi uku sun ba jihar gwamnoni uku: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Yankin da ya yi wannan bai cancanci a ce mallakar takardar babur ta gagari talakansa ba. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin hukuma ba: a riƙa kai teburin rajista kasuwanni ranar da suke ci, a liƙa farashi da Hausa, da boko da ajami, a ba masu babura wa'adin yin rajista cikin rangwame ba tare da tara ba, a kuma sa hakimai da ƙungiyoyin direbobi su zama masu shaida. Ya kamata a ja kunnen jami'an ZAROTA da sauran masu tsayawa a hanya cewa lambar wata jiha ita kaɗai ba dalilin tatsar direba ba ce. Idan kame ya riga sauƙaƙawa zuwa, cin hanci kawai za a ƙara wa kasuwa.

Sauran rabin kuma namu ne. Kafin ka biya kuɗin mota, ka gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce a takarda. Ka sa a duba lambar a shafin intanet na FRSC, a duba inshorar, a kai takardar fito ofishin kwastam a tantance. Ku rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, da hoton katin shaidar mai sayarwa. Sannan ka je da kanka a mayar da mallaka sunanka, da adireshinka na gaskiya. Idan a Sakkwato harkokinka suke, yi a Sakkwato, babu laifi. Idan a Gidan Goga kake kwana kake tashi, lambar Zamfara ta fi dacewa da kai, domin ranar da magana ta taso, ofishin da ke riƙe da fayil ɗinka yana kusa, masu shaidarka ma suna kusa. Rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin canjin mallaka, komai yawansa, bai kai na beli da lauya ba.