Mu Kai Yaranmu Owabi Tun Dajin Yana Nan

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, na tambayi 'yan ajina: ruwan da kuke sha, daga ina yake zuwa? Wani ya ce daga famfo. Wata ta ce daga leda. Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. Yaran nan a Kumasi aka haife su, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa jin sunan Owabi.

Owabi dai tana arewa maso yammacin gari, ta hanyar Sunyani, a ratse wajen Akropong. Idan babu cunkoso, tafiyar ba ta kai awa ɗaya a mota ba. A shekarar 1928 aka datse kogin wurin domin a samar wa Kumasi ruwan sha, kuma shi ne madogarar garin har zuwa lokacin da aka gina madatsar Barekese. Har gobe wasu unguwanni ruwansa suke sha. Dajin da ke kewaye da tafkin, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 13, an killace shi, ba farauta, ba saran itace. A 1988 aka shigar da shi cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Ghana tana da irin waɗannan wurare shida. Biyar, wato Keta da Songor da Sakumo da Densu da Muni-Pomadze, duk a gaɓar teku suke. Owabi kaɗai ce a can cikin ƙasa, ga ta a bayan gidanmu.

To, sai na nemi izinin iyaye, muka yi karo-karo, muka ɗauki trotro guda wata Asabar da sassafe. Ban ɓoye muku ba, sai da na sha tambayoyi. Wani uba ya ce mini: "Malam, daji kuma? Me aka ajiye a can? Ai wannan yawon Turawa ne." Wata uwa kuma macizai take tsoro.

Abin da muka tarar, tafiya ce mai sauƙi. Ba hawan dutse, ba gudu. Hanyar ƙafa ce a ƙarƙashin inuwa, tana ratsa kurmin gora, tana fita bakin ruwa. Ma'aikacin gandun daji yana gaba, mu muna biye. Sharaɗinsa ɗaya ne: a yi shiru. Duk malamin makaranta ya san wannan shi ne mafi wuyar sharaɗi a duniya! Amma da biran farko suka girgiza rassa a samanmu, ban sake cewa kowa ya rufe baki ba. Mun ga zalɓe a tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi. Mun ga cilakowa da ƙaton bakinta, da wani tsuntsu mai dogayen yatsu yana taka ganyen da ke kan ruwa bai nutse ba. Malam-buɗe-littafi kuwa, kala-kala. An ƙidaya tsuntsaye sama da iri 150 a wurin. Akwai mazo ma, sai dai shi ba ya son jama'a, sawunsa kawai aka nuna mana.

Darasin da na shafe makonni ina zanawa a allo, na yadda daji ke riƙe ruwan sama, saiwoyi su tace shi, su hana ƙasa zaizayewa ta cike tafki, yaran sun gane shi cikin awa biyu. Gani ya kori ji.

Sai dai ba abin daɗi kaɗai muka gani ba. A inda rafuka ke shigowa tafkin, robobi da ledojin ruwa sun taru, sun yi shimfiɗa. Wata yarinya ta ja hannuna ta ce: "Malam, wannan ne muke sha?" Na ce ana tacewa tukuna. Ta ce: "To wa ya zuba?" Nan na rasa ta cewa.

Amsar ai mun san ta. Rafukan da ke ciyar da Owabi ta cikin unguwannin arewacin Kumasi suke bi, har da yankin Suame Magazine, inda da yawa daga 'yan'uwanmu ke neman abinci. Abin da aka jefa a kwata, da baƙin man da aka tsiyaye a ƙasa, ruwan sama ba ya barin su a inda suke. Ga kuma gine-gine da ke ta cin gefen dajin shekara da shekaru. Kowane fili da aka share, yashi da laka ne za su gangara cikin tafkin, ruwan da yake iya riƙewa ya ragu, kuɗin tacewa ya ƙaru. A ƙarshe wa zai biya? Mai sayen ruwa a jarka.

Na san abin da wasu za su ce: mutum yana fama da kuɗin haya, ɗaki ɗaya da 'ya'ya shida, za ka zo masa da zancen birai? Maganar tana da nauyi, ni ma a gidan haya nake. Amma ai shi ya sa ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan. Wanda ya tara guminsa na shekara goma ya sayi fili a cikin wurin da doka ta killace, bai sayi gida ba, ya sayi fargaba. Mun ga yadda aka rushe gine-gine a Sakumono. Ranar rusau, wanda ya sayar maka ba za ka gan shi ba. Kafin ka miƙa ko sidi ɗaya, je Hukumar Filaye ka bincika. Rigakafi ya fi magani.

Kirana uku ne. Ga 'yan'uwana malamai, na boko da na Islamiyya: a sa ziyarar Owabi cikin tsarin shekara. Ranar 2 ga Fabrairu ita ce ranar dausayi ta duniya, kuma ta faɗo cikin rani, lokacin da hanya ta bushe. A sanar da ma'aikatan wurin tun da wuri, a tanadi kuɗin shiga, a isa da safe kafin rana ta yi zafi, domin lokacin ne tsuntsaye ke fitowa. Yara su sa takalmi rufaffe, kowa da gorar ruwansa, kuma duk ledar da ta shiga da mu ta fito da mu.

Ga sarakunan zango da shugabannin matasa da masu gareji: maganar kwata da baƙin mai ta shiga cikin abin da ake tattaunawa a taro, kamar yadda ake tattauna biki da zaɓe.

Ga hukumomin da ke kula da daji da ruwa: a fito da iyakar wurin fili yadda kowa zai gani, kuma hukunci ya fara daga mai sayarwa, kada ya tsaya kan talakan da aka yaudara.

Uban nan da ya ce yawon Turawa ne, mun haɗu da shi bayan mako biyu. Ya ce ɗansa ya hana kowa sakat a gida, ba dama a jefa leda a kwata sai ya yi magana. Sai ya tambaye ni nawa ne kuɗin mota, idan za a sake komawa.