Kumburin Dasashin Jariri Ba Kullum Ne Haƙori Ba

Kai matashi da aka yi maka haihuwar fari, da ke yayar da ake bar wa goyo in Umma ta fita unguwa, yau da ku muke. Akwai wani ƙari da ke fito wa jarirai a muƙamuƙi, likitoci na taƙaita sunansa da MNTI. Wani likita ɗan ƙasar Hungari, Krompecher, shi ya fara bayaninsa a 1918, kuma daga lokacin zuwa yau waɗanda aka rubuta labarinsu a mujallun likitanci na duniya 'yan ɗaruruwa ne kawai. To me ya kawo maganarsa nan? Saboda yadda yake shigowa gida: kamar haƙori.

Yawanci yana bayyana kafin jariri ya cika wata 6, a dasashin sama ta gaba, daidai ƙarƙashin hanci. Kumburi ne mai tauri, launinsa shuɗi-shuɗi ko baƙi-baƙi, domin ƙwayoyinsa na yin sinadarin melanin, wanda ya ba fatarmu launinta. Galibi ba zazzaɓi, ba ciwo, yaro na ta wasansa. Sai kaka ta leƙa ta ce, "Haƙori ne zai fito, ku ƙyale shi." Ba da mugun nufi ta faɗa ba, ta raini yara goma. Amma ka lura: haƙori na farawa ne wajen wata 6, kuma na ƙasa ne suka saba riga fitowa. Kumburin sama a bakin ɗan wata 2 ko 3, mai duhu, wanda girmansa na wannan Juma'ar ya fi na waccan, ba haƙori ba ne har sai likita ya ce haka.

Mafi yawan irin wannan ƙari ba kansa ba ne, ba ya yaɗuwa a jiki. Matsalarsa sauri. Cikin makonni yana cin ƙashi, ya ture haƙoran da ba su fito ba, ya ɗaga leɓe, ya toshe hanci, yaro ya kasa kama nono. Maganinsa tiyata ce: a ɗauki hoton ƙashin fuska, a ɗebi ɗan nama a gwada, sannan a cire shi. In ƙarami ne, aikin ƙarami ne, wataƙila yaro ya rasa 'yan haƙora a wurin. In an bar shi ya kai kusa da ido, sai an haɗa da babban yanki na muƙamuƙi, kuma da wannan fuskar yaron zai girma. Makonnin da aka ɓata ana shafe-shafe, da ƙashin fuskarsa ake biyan su.

Shi ya sa muke cewa kar a bari aska ta taɓa wurin. Wanzami na da aikinsa, amma tsaga wannan kumburi ba ya fitar da komai sai jini, ga ƙwayoyin cuta.

Sai batun kemo, wanda da an ambace shi gida ke ɗaukar salati. Ba kowane yaro ake ba shi ba. Likitoci na komawa gare shi in ƙarin ya yi girman da wuƙa kaɗai za ta yi ɓarna, ko ya dawo bayan an cire, ko a 'yan kaɗan ɗin da ya rikiɗe ya yaɗu. Magunguna irin su vincristine da cyclophosphamide kan sa ya motse, aikin tiyata ya ragu. Yana da wahala, ba ƙarya: amai, zubar gashi, ƙarancin jini, saurin kamuwa da ciwo. Duk da haka, jin an ce kemo ba sanarwar mutuwa ba ce, kuma ba dalilin sulalewa da yaro daga asibiti cikin dare ba ne.

Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da sashen tiyatar baki da fuska. Ka nemi takardar tura ku can daga asibitin da ke kusa. Wayar hannunka ma na da amfani: ɗauki hoton kumburin duk bayan kwana biyu, ka nuna wa likita yadda yake ƙaruwa.

Bayan an sallame ku, kar ka yar da katin asibiti don ka ga yaro na tsotso lafiya. Ƙarin nan kan dawo wa wasu, kuma galibi a watannin farko bayan aiki yake dawowa, musamman ga waɗanda ya kama tun suna 'yan makonni. Ranar da aka ce ku koma, ku koma, ko da kuɗin mota rance za a yi.