Jakara Ba Kwata Ba Ce

Duk wanda ya kafa bencin ƙarfe a filin Allah a Kano, a zaunar da shi a kai da azahar a watan Afrilu. Ni manhaja nake rubutawa, kuma ba ma sakin aiki sai mai amfani da shi ya gwada. Masu zana mana wuraren shan iska kuwa, in hoton ya yi kyau a kwamfuta, shi ke nan.

Dubi Jakara. Rafi ne da ya ratsa birni, muka mai da shi kwata, sannan muka ce maganinsa a rufe shi da kankare, a ɗora titin Wuju-Wuju. Birnin Seoul ya taɓa binne rafin Cheonggyecheon haka. A 2003 suka fara rushe titin, a 2005 ruwa ya dawo fili.

Inda bai rufu ba, don Allah a raba mu da tayil mai sheƙi, da damina ƙafar tsofaffi zai karya. A dasa darbejiya da maɗaci, a gina dakalin jan bulo a inuwa, a bar ƙasa ta sha ruwa, a ware wa mai shayi gurbinsa. Amma a fara tsayar da ruwan masai, da dattin masana'antun Bompai da rafin Getsi ke kwararowa.