An Rufe Filin Wasa, An Cika Gidan Kallo: Darasi Daga Kafanchan

Tun ranar 27 ga Disamba, 2020, da aka dawo da gasar Firimiya ta Najeriya ba tare da 'yan kallo ba, aka yi ta muhawara a kan tambaya ɗaya: idan aka buɗe ƙofofin filayen wasa alhali korona ba ta kau ba, jama'a za su shiga kuwa? A Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Kaduna an daɗe da amsa wannan tambaya. 'Yan kallo sun riga sun dawo, wurin zama kawai suka sauya, kuma inda suka koma ya fi inda aka hana su haɗari.

A kakar 2020/21, jihar Kaduna ba ta da ƙungiya ko ɗaya cikin ƙungiyoyi 20 da suka buga gasar. Kano Pillars ce ta yi zaman aro a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, bayan da aka mayar da filin Sani Abacha na Kano cibiyar killace masu cutar. Ga mutumin Kafanchan kuwa, Jos, gidan Plateau United, ta fi birnin Kaduna kusa. Saboda haka ƙwallon da yake gani da idonsa shi ne na filin wasa na garin, da na filayen makarantun firamare, da gasannin unguwanni da na majami'u da ake shiryawa lokacin hutu a Kagoro, Zonkwa, Kwoi da Gidan Waya. Galibin waɗannan filaye ba su da katanga balle ƙofa. Takardar da aka rubuta a Abuja cewa a buga wasa ba 'yan kallo, ba ta da abin da za ta kulle a filin da kowane ɓangarensa hanya ce.

Ƙwallon da ya fi tara jama'a kuwa na Turai ne, kuma a gidajen kallo ake ganin sa. Duk wanda ya san irin waɗannan gidaje ya san fasalinsu: rumfar kwano ko ɗaki mai ƙaramar taga, an toshe duk wata kafa don kada haske ya ɓata hoton talabijin, ko wani ya leƙa kyauta. Bencina a jere, kafaɗa na gugar kafaɗa, janareta na ruri a waje, mutane na ihu na tsawon sa'o'i biyu a kan naira 50 ko 100 a farashin wancan lokaci. Bayan da gasar Jamus ta dawo ranar 16 ga Mayu, 2020, ta Ingila kuma ranar 17 ga Yuni, kujerun Anfield da Old Trafford suka kasance wayam mafi yawan lokaci, amma bencinan gidajen kallon namu suka kasance a cike.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci yanayi uku da cutar ta fi yaɗuwa a cikinsu: cunkoso, kusantar juna, da rufaffen wuri marar iska. Filin makaranta a fili yake, iska na kaɗawa, kuma ana iya tazara. Gidan kallo ya haɗa ukun gaba ɗaya. Idan muka kori matashi daga gefen fili, ya je ya biya kuɗi ya shiga rumfar kwano, an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Wannan magana ba raina cutar ba ce. Mutanen Abuja ba sa bukatar a tuna musu cewa ita ce ta ɗauki ran Malam Abba Kyari a watan Afrilun 2020, kuma Gwamna Nasir El-Rufai kansa ya kamu da ita a ƙarshen Maris na shekarar. Taron ƙwallo ma yana da nasa laifi. Wasan da Atalanta ta buga da Valencia a Milan ranar 19 ga Fabrairu, 2020, wanda kusan mutum 40,000 daga Bergamo suka halarta, yana cikin abubuwan da likitocin Italiya suka danganta da bala'in da ya afka wa birnin. Ingila ta gwada mayar da 'yan kallo 2,000 a wasu filaye a farkon Disamba, kafin wata ya ƙare ta sake rufewa. Sai dai a duba inda haɗarin ya fi tsanani a irin waɗannan taruka: motoci da jiragen ƙasa da aka cika maƙil, mashayu, da turereniya a ƙofar shiga. Mutum 300 da suka tako da ƙafa daga unguwanninsu suka kewaye fili da yamma, lissafinsu daban ne.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da kudancin Kaduna. Dokar kullen da gwamnatin jihar ta sa ranar 26 ga Maris, 2020, ta ɗauki sama da wata biyu. Ana sassauta ta a watan Yuni, sai aka sa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Zangon Kataf da Kauru saboda rikici, a ƙarshen Yuli kuma aka faɗaɗa ta zuwa Jema'a da Kaura, bayan hare-haren da suka ci rayuka a Kukum Daji da Zikpak. Wato mutanen yankin sun sha kulle biyu a shekara guda. Idan ka ga uba ya hana ɗansa zuwa kallon wasa a wani ƙauye, tsoron hanya da faɗuwar rana ne suka fi damun sa.

A irin wannan yanayi filin ƙwallo ya wuce wurin nishaɗi. Kafanchan gari ne da mahaɗar layin dogo ta tara wa jama'a daga ko'ina, amma rikice-rikice, musamman na bayan zaɓen 2011, sun raba unguwanni, har kasuwanci ya bi sahu. Wuraren da matashin Fantswam, da na Bajju, da Bahaushe, da Bafulatani, da ɗan Kaninkon za su tsaya kusa da juna suna goyon bayan abu ɗaya ba su da yawa. Gefen fili na cikinsu. Duk wata da aka yi filin na kulle, ana asarar wani abu da taron sulhu a ɗakin otal ba zai maye gurbinsa ba.

Dokar kare lafiya da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a ƙarshen Janairun 2021 ta ƙayyade mutum 50 a rufaffen wuri, ta wajabta takunkumin fuska, ta kuma tanadi tara ko ɗaurin wata shida. A takarda, gidan kallo ya shiga ciki. Amma 'yan sanda nawa ne za a cire daga sintirin hanyar Kagoro zuwa Manchok domin su ƙirga kawuna a rumfar kallo? Jama'ar da suka ga yadda aka yi cincirindo a ofisoshin rajistar katin ɗan ƙasa a Disamba, a daidai lokacin da aka ce ma'aikatan tarayya daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna a gida, da wuya su gamsu cewa filin makaranta ne matattarar cuta. Dokar da ba a iya aiwatarwa tana koya wa mutane raina wadda za a iya aiwatarwa.

A farkon 2021, abin da ya dace Kwamitin Shugaban Ƙasa kan Yaƙi da Korona, ƙarƙashin Boss Mustapha, da Ma'aikatar Matasa da Wasanni ta Sunday Dare su yi shi ne su raba ƙa'ida gida biyu. Manyan filayen da ke jawo dubban mutane daga jiha zuwa jiha su ci gaba da jira har rigakafi ya iso. Wasannin gari da na unguwa kuwa a halatta su a fili: da rana, a tashi kafin magariba, a ja igiya don tazara, a ajiye ruwa da sabulu, a ɗora alhakin kula a kan masu shirya gasa, da masu unguwanni, da shugabannin matasa na masallatai da majami'u. Su ne suka san kowa da sunansa, kuma maganarsu ta fi ta sanarwar rediyo shiga kunne.

Masu gidajen kallo su ma a zauna da su. Sana'arsu ce, da ita suke ciyar da iyali, kuma barazanar rufewa za ta sa su ƙara toshe tagogi ne kawai. A ba su damar fitar da talabijin tsakar gida ko fili da dare, a rage benci, a buɗe kafofin iska, ƙaramar hukuma kuma ta ɗage musu kuɗin haraji na 'yan watanni a madadin bin ƙa'ida. Mataimakiyar Gwamna, Dakta Hadiza Balarabe, likita ce, 'yar yankin ce daga Sanga, kuma ita ta jagoranci yaƙin jihar da cutar lokacin da gwamna ke killace. Ba ta bukatar dogon bayani a kan bambancin fili da rufaffen ɗaki.

A tsakiyar watan Fabrairun 2021 aka koma zagayen sili-ɗaya-ƙwale na gasar Zakarun Turai, a daidai lokacin da zafi ke tafe. A irin wannan dare, rumfunan kallo daga Kafanchan zuwa Kachia kan cika, ko an rubuta takarda ko ba a rubuta ba. Abin da ke hannun masu tsara ƙa'ida a Abuja a lokacin shi ne ko waɗannan matasa za su yi kallon a inda iska ke kaɗawa, ko a bayan ƙofar da aka rufe don gudun hukuma.