Sharhi: An yi wa shanu allura, an yi wa awaki, karen unguwa fa?

Ranar 28 ga watan Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare a duniya. A nan wajenmu takan zo ta wuce ba wanda ya ji ɗuriyarta, don tana faɗowa daidai lokacin da hankalin magidanta ke kan yankan hatsi da sayen kayan lakwal. Alhali kuwa lokacin ne ya fi dacewa da wannan magana. Daga watan Oktoba yara za su koma hanya tun da sanyin safiya, wasu su ratsa ta bayan mahauta, wasu ta gefen juji, wasu daga tunga zuwa ƙauyen da makaranta take, ba babba ko ɗaya tare da su. Karnukan da suka kwana suna yawo kuma a daidai wannan lokaci suke komawa gida.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, wato kamar mutum guda a kowane minti tara. Kashi 95 cikin ɗari na mamatan a Afirka da Asiya suke, huɗu cikin goma kuma yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan dukkansu, har kashi 99 cikin ɗari, daga kare suka ɗauka.

Me ya sa yara? Na farko, tsawo. Babba kare ya fi kama shi a ƙafa ko a hannu, yaro kuwa fuskarsa da wuyansa suna daidai bakin kare. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin ƙwayar cutar jijiya take bi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, kuma iya kusancin cizon da kai, iya gajartar tafiyar. Na biyu, su ne ƴan aike, su ne ƴan talla, su ne almajiran da ke sallama ƙofa ƙofa bayan magariba a gidajen da ba su san abin da ke zaure ba. Na uku shi ne wanda ya fi damunmu: yaro na ɓoyewa. An hana shi wasa da kare, ya je ya yi, kwikwiyo ya yaƙushe shi ko ya ɗan kama masa yatsa. Ya san in ya faɗa bulala ce. Sai ya ja hannun riga ya rufe, ciwon ya warke cikin kwana biyar, kowa ya manta.

Cutar ita ba ta manta ba. Yawanci tana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ranar da ta fito, yaron zai fara da zazzaɓi da ƙaiƙayi ko zafi a wurin tsohon cizon, sai firgita, sai dalalar miyau, sai ya ga ruwa yana jin ƙishirwa amma maƙogwaro ya ƙi. A nan ne ake cewa iska ce, ko jifa aka yi masa, a nufi wajen mai magani. Babu wanda zai tuna da kwikwiyon watan jiya, balle a rubuta a rajistan likita. Shi ya sa duk alƙaluman da ake bayarwa kan wannan ciwo a ƙasashenmu ake ɗaukar su a matsayin ƙasa da gaskiya. Kuma mu faɗa ba ɓoye-ɓoye: da zarar alamun nan sun bayyana, ba a Yamai ba, ko Faransa aka kai mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Duk abin da za a yi, kafin wannan rana ake yin sa.

Abu na farko ba ya bukatar ko dala. A wanke ciwon da ruwa da sabulu, ruwan yana zuba, har minti goma sha biyar. Minti goma sha biyar fa, a duba agogon salula, ba a ɗauraye sau biyu a ce an gama ba. Mun san inda ake sayen bidon ɗin ruwa wannan magana tana da nauyi, amma babu ruwan da za a kashe a gidan ranar da ya kai wannan daraja, don sabulu na lalata ƙwayar tun tana bakin ciwo. In akwai ruwan aidin ko alkol na likita a shafa bayan nan. Kada a ɗaure da tsumma, kada a zuba toka ko barkono, kada a matsa wa malamin lafiya sai ya ɗinke nan take. A wasu garuruwanmu har yanzu ana bin karen a tsige gashinsa a ƙona a shafa a ciwo. Gashin bai taɓa kashe ƙwayar ba, mai zuwa tsigewar kuma shi ma yana iya dawowa da nasa cizon.

Daga nan sai likita, a ranar, ba gobe ba. Allurar rigakafin haukan kare tana aiki ko bayan cizo, tunda ƙwayar a hankali take tafiya, allurar na iya shan gabanta. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun watan Yulin 1885 Louis Pasteur ya gwada ta a Paris kan wani yaro ɗan shekara tara mai suna Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yi wa kaca-kaca, yaron kuma ya rayu har ya tsufa. Ranar 28 ga Satumba da ake tunawa ma ranar rasuwar Pasteur ce, a 1895. Yau ba a yin allurai barkatai a ciki kamar yadda tsofaffi ke ba da labari. A dantse ake yi, zuwa uku ko huɗu: ranar farko, rana ta uku, rana ta bakwai, a wani tsarin a ƙara guda bayan mako biyu zuwa huɗu. In ciwon ya yi zurfi akwai wani ruwan magani na daban da ake tsirawa a kewayensa, sannan a duba batun allurar tetanos.

To, a takarda ke nan. A ƙasa kuwa, allurar tana son firji, kuma ba kowace ƙaramar likitar ƙauye ke ajiye ta ba. Sau da yawa sai majo ya rubuta takarda a tafi babban gari, a nema a farmasi, a biya jikkuna, a dawo, bayan kwana uku a sake hawa kabu-kabu. Mutumin da bai gama biyan bashin damina ba, in ya ga ciwon ya fara bushewa bayan allura ta farko, sai ya ce Allah ya sawwaƙe, ya zauna. Tun 2006 ƙasarmu ta ɗauki tsarin kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, amma ɗan aike da ɗan lakwal da almajiri duk sun wuce biyar. A watan Yunin 2024 ƙawancen Gavi, wanda ke tallafa wa rigakafin yara a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ya sanar da cewa ya buɗe ƙofar tallafi ga allurar bayan cizon kare ga ƙasashe sama da 50. Abin da talaka zai auna wannan sanarwa da shi guda ne: ranar da ya je CSI ɗin garinsu, akwai ta a firji ko babu, kuma nawa aka ce ya kawo.

Amma a ganinmu duk wannan gyaran ɓarna ne. Tushen maganar yana jikin kare, kuma a nan ne muke da abin tambaya. Kowace shekara ma'aikatan kiwo na zagaya ƙasar nan, rijiya rijiya, mashaya mashaya, suna yi wa shanu allurar ciwon huhu, awaki da tumaki ta annobarsu, raƙuma tasu, kyauta. Miliyoyin dabbobi. Ke nan akwai ma'aikatan, akwai sanin hanya, akwai akwatunan sanyi, makiyaya kuma sun saba. Karen da ke gadin garken nan yana kwance a gefe yana kallo. Masana sun daɗe da nuna cewa in aka yi wa karnuka bakwai cikin goma allura a yanki, aka maimaita shekara shekara, cutar na mutuwa da kanta, don ba ta samun isassun karnukan da za ta bi daga wannan zuwa wancan. Allurar kare guda kuma ba ta kama ƙafar kuɗin jinyar mutum guda da aka ciza ba.

Dalilin da ya sa aka bar kare a baya ba ɓoyayye ba ne. Ba ya da kasuwa. Saniya dukiya ce, ana kai ta kara, ana biyan haraji a kanta, in ta mutu an yi asara da ake iya lissafawa. Kare kuwa ba ya cikin lissafin arzikin kowa. Ga ma'aikatar kiwo, ciwon ba ya taɓa tattalin garke sosai. Ga ma'aikatar lafiya, kare dabba ce, ba huruminta ba. Ga magajin gari, sai an yi cizo an yi kuka ake tuna shi. Kowa na da gaskiyarsa, shi ya sa abin ya faɗa tsakani.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Njamena, babban birnin Cadi, an taɓa gwada kiran mutane su kawo karnukansu su biya, waɗanda aka yi wa allura ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. A 2012 da 2013 aka yi ta kyauta, unguwa unguwa, aka haura kashi 70 cikin ɗari, aka kuma yi watanni ba a ga mahaukacin kare a birnin ba. Daga baya ciwon ya dawo ta hanyar karnukan da ke shigowa daga kewaye. Darasi biyu ke nan lokaci guda: in kyauta ce mutane na kawowa, kuma gari ɗaya ba ya tsira shi kaɗai. Mu da ke da Ƙonni da Ilela, Ɗan Isa da Jibiya, mun fi kowa sanin kare ba ya tsayawa a duwan. Can ƙasar Meziko kuwa, da wannan hanya ta allurar karnuka kyauta shekara bayan shekara ta bi har OMS ta tabbatar a 2019 cewa ta raba jama'arta da haukan kare. Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da ba a son kowa ya sake mutuwa da shi. Shekarun da suka rage ba su da yawa.

Wani abin da aikin Njamena ya nuna shi ne karnukan da ba su da mai su sam ƙalilan ne. Mu ma in za mu faɗi gaskiya haka yake a unguwanninmu. Karen da ake kira na bariki ko na juji, akwai gidan da yake kwana, akwai mai zuba masa ƙanzo, akwai samarin da ke fita farauta da shi da rani. Na kowa ne ranar da ya kori ɓarawo, ba na kowa ba ne ranar da ya ciji ɗan maƙwabci. Wani ɓangare na wannan kunya ce: mutum ba ya son a gan shi janye da kare a titi. Nan malamanmu na da abin faɗa a huɗuba. Addini ya yarda da ajiye kare don farauta da gadin dabbobi da gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne. Wanda ya ajiye dabba kuwa, haƙƙinta da haƙƙin wanda ta cuta duk suna wuyansa.

Ita kuma dabarar zuba guba da akan ruga gare ta bayan an yi cizo, tana kwantar da hankali na mako biyu ne kawai. Ba ta bambanta karen da aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba, tana kashe angulu da kyanwa, tana zama haɗari ga yaran da ke tone-tone a juji. Muddin tarkacen mahauta da shara suna nan, wasu karnukan za su zo su maye gurbin. OMS kanta ta ce kashe karnuka kawai bai taɓa kawar da ciwon ba.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da mushe a aji da malam a tsangaya da uwa a tsakar gida za su iya koya wa yaro cikin minti biyar. Kada ya taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya mai shayarwa. Kada ya jefe shi, wanda shi ne wasan da yaranmu suka fi so kuma manya ke kallo suna dariya. In kare ya nufo shi kada ya ruga, don gudu ke tayar masa da farauta; ya tsaya cik, hannuwa a jiki, kada ya zuba masa ido, in ya lafa ya ja da baya sannu. In ya faɗi ƙasa ya dunƙule ya rufe fuska da wuya da hannuwansa. Karen da ya canza hali, mai faɗa ya yi laushi ko mai laushi ya hau cizon itace da duwatsu, ko muƙamuƙinsa ya saki yana dalala, a nisance shi a gaya wa manya. Sannan alkawari guda daga iyaye, a faɗa a gaban yaran: duk wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, ko ya lashi ciwon da ke jikinsa, ya zo ya faɗa, ba za a doke shi ba.

Karen da ya yi cizon ma, in ana iya tsare shi ba tare da wani ya sake jin ciwo ba, kada a yi saurin kashe shi a jefa a rami. A ɗaure shi, a ba shi abinci da ruwa, a sanar da ma'aikatan kiwo, a sa masa ido aƙalla kwana goma. In yana ɗauke da cutar a miyau ranar da ya yi cizon, cikin kwanakin nan zai nuna. In ya mutu ko dole ta sa aka kashe shi, kada kowa ya feɗe shi da hannu; ma'aikatan ne suka san yadda ake ɗaukar samfuri a aika ɗakin binciken dabbobi na LABOCEL a Yamai. Yaron dai ba ya jiran sakamakon kare. Allurarsa ta farko a ranar cizon take.